Yankan leza a Katsina: ya dace da turakun ƙaramin rola-kosta, amma kada a ba shi dogo

Duk mai son haɗa ƙaramin samfurin rola-kosta na katako, wato jirgin wasan nan da sarƙa ke ja zuwa kan tudu sannan ya gangaro da nauyinsa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne wa zai yanka masa katakon. A Katsina hanya biyu ce. Ko ka zauna da zarto da wuƙa, ko ka kai zanenka shagon masu injin leza, waɗanda aka fi sani da yankan allon talla na roba da kambun karramawa. Mun duba aikin irin waɗannan shaguna ta fuskar wannan samfuri kaɗai, ko na ɗalibin zanen gini ne a Kwalejin Hassan Usman Katsina, ko na mai nazarin layin dogo a Jami'ar Sufuri ta Daura, ko na malamin fizis mai son nuna wa yara darasi a zahiri. Ra'ayinmu shi ne, a ba su turaku da firam masu ɗauke da hanya da ma'aunin faɗin hanya, kuɗin ya halatta. Dogon da jirgin zai bi kuwa, a bar wa hannu.

Kafin a je shago sai an tsayar da girma, domin shi ke faɗin kaurin katakon da za a saya. A ɗauki rola-kostan Cyclone na Coney Island da ke birnin New York a Amurka, wanda aka buɗe a 1927. Tsayinsa ƙafa 85, kimanin mita 26, tsawon hanyarsa kusan mita 800, filin da ya zauna a kai kuma ƙafa 75 ne a 500. A ma'aunin 1:50, wato a rage girman komai sau 50, wanda ɗaliban zanen gini suka saba da shi, tudun farko zai zama santimita 52, hanya mita 16, teburi kuma ya haura mita 3. Filawud cikakke ƙafa 4 ne a 8, wato santimita 122 a 244, ka ga ba zai ɗauka ba. Wasu kan gudu zuwa 1:87 don ya shiga allo ɗaya, sai dai a nan turke mai inci 4 yana komawa milimita ɗaya da ɗigo, kuma leza na cinye irin wannan siririn filawud ya bar gawayi. Abin da ya fi shi ne a tsaya a 1:50 a rage hanyar zuwa mita 6 ko 7, mai zuwa ta juyo ta dawo. A wannan ma'auni turke mai milimita 150 ya zama milimita 3 daidai, kaurin allon da injinan nan suka fi jin daɗin yankawa ke nan. (Shi Cyclone ɗin ma ƙarfe ne ke ɗauke da shi, dogonsa ne na katako, amma wannan bai hana a aro awonsa ba.)

Inda leza ya yi wa hannu nisa shi ne firam ɗin da ke ɗauke da hanya: turaku biyu a tsaye, sandunan kwance da suka haɗa su, da sandar karkace mai hana su kwantawa. Idan ana kafa ɗaya duk bayan santimita 6, hanyar mita 6 na buƙatar kusan ɗari, kuma da wuya a sami biyu masu tsayi ɗaya, tunda hanya kullum tana hawa ko sauka. Mai yankan hannu, komai ƙwarewarsa, zai riƙa kuskuren rabin milimita nan da can, kuma rabin milimita a samfuri daidai yake da santimita biyu da rabi a jirgin gaske. Leza kuwa yana fitar da kowane firam a gunduwa ɗaya, babu haɗi, da kan da aka riga aka karkata gwargwadon kwana. Sannan yana iya zana lamba a gindin kowanne. Kada a raina wannan lambar don tana ƙara 'yan mintoci, domin firam na 41 da na 42 ido ba ya bambanta su idan an zube su a kan tabarma.

Yawancin injinan da za ka tarar na iskar CO2 ne masu kwalbar gilashi, ƙarfin wat 60 zuwa 100, wasu gadonsu santimita 60 a 40, manya kuma 130 a 90. Ka tambayi girman gadon tun kafin ka jera zane, don kada a ce sai an sake jerawa kana tsaye. Masu aikin sun iya manhajar zane ta CorelDraw sosai, kuma kalmar farko da za ka ji ita ce, "Malam, a Corel yake?" Idan a manhajar AutoCAD ka zana, fitar da shi a matsayin fayil irin DXF, ka sa murabba'i mai milimita 100 a kusurwa. Da an buɗe fayil a auna wannan murabba'in, saboda rikicin inci da milimita kan sa zane ya kumbura ko ya tsuke sau 25.4, ƙaramin bambanci ma kan shigo idan mai aiki ya ja zanen da linzami don ya cike allo, al'adar da ba ta ɓata komai a allon talla amma take kashe samfuri. Layin yanka ya zama mafi siranta, launi ɗaya na yanka, launi ɗaya na zane. A duba kada layi ya hau kan layi, domin injin zai bi wurin sau biyu, ya ƙona shi, kuma kai za ka biya lokacin. A kuma roƙi mai aiki ya fara yanke ramukan ciki kafin kewayen waje. Idan aka fara da waje, firam ɗin ya saki ya ɗan faɗa, ramukan ciki sai su fito a karkace. Mutumin Daura da zai turo zane ta WhatsApp ya turo fayil ɗin kansa, ba hotonsa ba.

Raunin da muka fi gani a wannan sana'a ba na inji ba ne, na sabo ne. Harafin talla bai damu da kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka ba kowane mai aiki ne ke lissafa abin da wuta ke ci ba. Hasken leza na cinye milimita 0.1 zuwa 0.2 a kan layi. Ma'ana, rami kan fito ya fi zane faɗi, harshen da zai shiga ramin kuma ya fi zane siranta, haɗin sai ya riƙa girgiɗi. Ga kuma allon kansa: abin da ake kira milimita 3 a wurin 'yan katako yana iya zama 2.7 ko 3.2, har a allo ɗaya wani gefen ya fi wani. Maganin abu ne mai arha. Kafin babban aiki a yanka ɗan mataji mai tsaga bakwai, daga 2.6 zuwa 3.2, a rubuta awon kowace tsaga a gefenta, a gwada da guntun allon da za a yi aikin da shi. Tsagar da ta kama da ɗan turi, ba tare da guduma ba, ita za a mayar a duk zanen. Shagon da ya yarda ya yi maka wannan gwaji na minti biyu ba da ɓata rai ba, riƙe shi. Wanda ya ce injinsa ba ya kuskure, bai fahimci tambayar ba. A kuma lura cewa yankan ba ya sauka a miƙe sak, saman tsaga ya ɗan fi ƙasanta faɗi, don haka gindin firam ba ya tsayuwa daram da kansa. Shi ya sa ake yi masa harshe ya shiga rami a allon gindi, a daidaita da sukwaya kafin gam ya kama.

Katako ma ka zo da naka, ko aƙalla ka gani da idonka. Siririn filawud ɗin da kafintoci ke rufe bayan kabad da shi yana da ramuka da ƙulli a ɓawon tsakiya. Inda leza ya tarar da rami sai wuta ta bazu ta ƙone gefen, inda ya tarar da ƙulli ko tarin gam sai ya kasa ratsawa, a ɗaga allo a ga turke na maƙale. A haska allon da fitilar waya daga baya a ɗaki mai duhu, wuraren da suka yi haske da yawa ramuka ne. Filawud ɗin da aka yi don jure ruwa kuwa gam ɗinsa baƙi ne mai taurin kai ga leza, ya fi yin gawayi da yankuwa. MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai milimita 3 yana yankuwa sumul ko'ina, kuma ya yi kyau ga ma'auni da abin lanƙwasa dogo, amma turke siriri na MDF karyewa yake yi kamar biskit, kuma yana kumbura da danshin damina. Ga firam, filawud mai ɓawo uku na katako mai laushi mara ƙulli shi ne daidai, ko da sai an yi odarsa daga Kano. A jera zanen yadda jijiyar ɓawon waje za ta bi tsayin turke. Mai aiki zai so ya juya wasu firam a kwance don ya rage asarar allo, niyyarsa mai kyau ce, amma turken da jijiyarsa ta gitta shi ba shi da ƙarfi. Roba mai PVC kuwa kada ta shiga injin ko kaɗan, hayaƙinta na ɗauke da sinadarin kulorin mai cutar da huhu, mai kuma cin ƙarfen injin.

Gefen da leza ya yanka yakan fito ruwan ƙasa mai duhu, kuma mutane da yawa na son wannan launi, yana kama da tsohon katako. Matsalar ita ce gam ba ya kama toka. Farin gam na kafinta sai ya shiga jijiyar katako yake riƙewa, idan ya hau kan ƙuna sai haɗin ya ɓalle da ɗan taɓi. Duk inda za a sa gam a goge da samfefa mai lamba 220 har farin katako ya ɗan leƙo, sau uku ko huɗu ya isa, kada a ci awon. Fuskar allo kuma a lulluɓe ta da salatif ɗin takarda kafin yanka don hayaƙi kada ya yi mata tabo, a ɓare bayan an gama. Idan ka ga harshen wuta na bin kan injin, iskar da ke hurawa a bakin yankan ta yi rauni ko madubin ya yi datti, ka sa a tsaya a goge.

Lissafin kuɗi ya bambanta, wasu da minti suke caji, wasu da allo. Ka iya ƙiyasta lokacinka da kanka: injin wat 80 na yanka irin wannan allo a wajen milimita 20 a daƙiƙa, firam mai jimillar layi mita 2 zai ci daƙiƙa 100, ɗari daga cikinsu kusan awa uku ke nan. Firam na kwari gajeru ne, don haka yakan gaza haka, amma da wannan za ka shiga ciniki. A raba aikin allo-allo, kowane allo fayil ɗinsa, ta yadda idan aka ɗauke wuta ana tsaka da yanka asarar ba za ta wuce allo ɗaya ba, kuma kada a taɓa allon da ke kan gado har wuta ta dawo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, a nemi layin safe. Ruwa ne ke sanyaya kwalbar leza, idan ruwan ya ɗumama ƙarfinta na raguwa, sai ka ga allon da aka yanka da hantsi ya ratsa, na bayan azahar bai ratsa ba, alhali saiti ɗaya ne.

To, me ya sa ba za a ba leza dogo ba? Domin leza a shimfiɗe yake yanka, dogon rola-kosta kuma yana hawa, yana kwana, yana karkata, duk a lokaci guda. Wanda aka yanka daga allo ko dai ya bi tudu ya kasa kwana, ko ya yi kwana ya kasa bin tudu, kuma dole ya zo gunduwa-gunduwa. Kowane haɗi wuri ne na tuntuɓe. Bambancin tsayi na milimita 0.3 a gaban taya mai milimita 6 ya isa ya sace wa jirgi gudun da zai haye tudu na gaba. Masu gina na gaske ma ba daga gungume suke sassaƙa dogo ba. Alluna suke jerawa bisa juna hawa-hawa, suna lanƙwasa kowanne a wurin suna buga masa ƙusa, na saman su fi na ƙasa faɗi don su yi leɓe, sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe inda taya ke bi. Haka za a kwaikwaya. A samo ɓawon katako mai milimita 1, a yanka shi tsiri-tsiri da wuƙa da rular ƙarfe, bin jijiya: hawa biyu na ƙasa faɗin milimita 3, biyu na sama faɗin 5, rarar milimita 2 ta leƙo ta cikin hanya. A manna hawa ɗaya a tsawon hanya, a matse da abin maƙale shanya a kan kowane firam, a bar shi ya bushe kafin na biyu. Haɗin tsiri na wannan hawa ya yi nesa da na wancan da aƙalla santimita 10, kuma kada haɗi ya faɗo a gindin kwari, inda nauyin jirgi ya fi dannawa. A lokacin zafi ko hunturu farin gam kan yi fata cikin 'yan mintoci, don haka kada a shafa fiye da santimita 30 a tashi ɗaya. Sufa gulu na da amfani wajen kama bakin tsiri, amma kada a yi dogon duka da shi, yana bushewa da tauri ya tsage idan katako ya motsa.

A nan leza ya sake shigowa da ɗan aikin da ya fi kowanne riba: ma'aunin faɗin hanya. Guntun MDF ne mai tsaga biyu da ke hawa kan dogayen ya riƙe su a tazara ɗaya, a ce milimita 22. A yanka kamar ashirin, a jera su duk bayan santimita 5 yayin da gam ke bushewa. Ba tare da su ba hanya kan tsuke a kwana ta shaƙe jirgi, ko ta buɗe ya faɗa tsakani. A kwana a bar wa jirgin sararin rabin milimita fiye da na miƙaƙƙiyar hanya.

Wancan leɓen da aka bari ba ado ba ne. Jirgin gaske na da taya iri uku: mai bin saman dogo, mai bin gefensa na ciki, da mai kama ƙarƙashin leɓe don kada jirgi ya tashi a kan tudu. John Miller, mai ƙera rola-kosta a Amurka, shi ne ya yi rajistar wannan ta ukun a 1919, kuma ita ta ba da damar gangara mai tsanani. Rola-kostan Leap-The-Dips na jihar Pennsylvania a Amurka, wanda aka gina a 1902 kafin wannan dabara, ba shi da ita, shi ya sa tudunsa masu sauƙi ne. A samfuri, tayar sama a yi ta da ƙaramin boris MR63, mai rami milimita 3 da faɗin waje milimita 6. Sabon boris na zuwa da giris mai kauri da ke riƙe shi, a jiƙa shi a kananzir a wanke, a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Maimakon taya ta ƙasa, ɗan lanƙwasasshen waya da ke bin ƙarƙashin leɓe da tazarar rabin milimita ya wadatar, muddin ba ya gogar katako a tafiya. Jikin tarago kuwa leza na yanka shi da kyau, kuma ramukan gatari na fitowa a layi ɗaya, abin da ke da wuya da injin huji na hannu. A manna noti biyu ko uku na ƙarfe a ƙasan kowane tarago. Nauyi ba ya ƙara saurin faɗuwa, amma yana taimaka wa jirgi ya murƙushe ƙura da ƙananan tuntuɓe, yana kuma saukar da cibiyar nauyinsa.

Akwai abin da babu shagon da zai gyara maka, gara ka san shi tun a zane. Abin da ya gangaro daga santimita 52 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 3.2 a daƙiƙa. Girma ya ragu sau 50, amma gudu ya ragu sau 7 ne kawai, don haka samfurin zai yi kamar yana sauri ninki bakwai: tafiyar minti 2 za ta ƙare a daƙiƙa 17. Gogayya kuma ta fi cin ƙaramin jirgi, saboda haka kada a kwafi tsayin tuddan na gaske yadda suke. Shawararmu, tudu na biyu kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na na farko, na uku ma haka a kan na biyu, kuma kada a kai firam na bayan tudu na biyu shago sai an gwada jirgi a sashen farko an ga inda ya tsaya. Wannan na nufin zuwa shago sau biyu, amma ya fi yanka firam ɗari a zubar da sittin. Kwana kuma a ɗora ta a kan tudu. Jirgi mai gudun mita 2 a daƙiƙa a kwana mai radiyos (nisa daga tsakiyar da'ira zuwa gefenta) santimita 30 na buƙatar karkata kusan digiri 54, wanda ɓawon katako ba zai yarda ya murɗa ba. Idan gudun ya sauka zuwa 1.2, digiri 26 ya isa. A shiga karkatar a hankali, a raba ta a kan firam shida ko bakwai, kuma tunda leza ne zai yanka kawunansu, kowane digiri da ka rubuta shi za ka samu.

Na'urar jan jirgi ba ta da wahala. Ƙaramin moto mai giya irin N20 mai juyi 100 a minti, da bel mai haƙora irin GT2 da fuli mai haƙori 20, suna ba da santimita 6 da ɗoriya a daƙiƙa, cajar waya mai bolt 5 kuma ta isa ta juya shi, ko da zai ɗan rage gudu. Hawa mai digiri 30 zuwa santimita 52 tsawonsa santimita 104 ne, kusan daƙiƙa 16. Mazaunin moton a sa a yanka shi da dogayen ramukan noti, ba zagayayyu ba, don a iya ja a ɗaure bel idan ya saki.

Allon gindi kada ya zama na leza. A sami filawud mai milimita 12 wurin kafinta, a ɗaura masa katako biyu a ƙasa don kada ya bankare, sannan a manna siririn allon da leza ya huda wa ramukan turaku a kansa. Allunan da aka yanka a ajiye su a kwance ƙarƙashin nauyi, kada a jingina su da bango, kuma a haɗa su cikin mako guda, domin allon da aka saya da danshin Agusta yakan murɗe idan iskar hunturu ta busa. Firam a shafa musu banish siriri ciki da waje bayan an gama mannawa, saman dogo kuwa a bar shi ba banish, a goge da samfefa mai lamba 400 kawai, kuma a share shi da busasshen burushi kafin kowace tafiya a watannin ƙura.

Kafin ka biya ka bar shagon, ɗaga kowane allo ka duba bayansa a haske, ka tabbata layin ya ratsa ko'ina. Wanda bai ratsa ba a sake bin sa tun yana kan gado, domin da zarar an ɗaga shi ba zai koma daidai inda yake ba. Ƙirga firam da lambobinsu a wurin, ka kuma sa a ƙara maka biyu-biyu na mafiya tsayi, su ne suka fi karyewa wajen cirewa daga allo.